Baran da Ba Ya Barci: Tunani a Kan Ido da Kunnen Na'ura a Cikin Ɗaki

Gabatarwa

Mai yiwuwa wasu daga cikin 'yan'uwa marubuta su yi mamakin ganin mun ɗauko zancen wasan bidiyo mun kawo shi shafin da aka saba tattauna manyan al'amura. Za su ce wasa ai na yara ne da samarin da ba su da abin yi. To, muna roƙon a yi haƙuri a bi mu zuwa ƙarshe, domin sau da yawa babbar magana takan ɓuya a cikin ƙaramin abu. A shekarar 2013 masu wasan bidiyo a Amurka da Turai sun shafe watanni suna wata muhawara mai zafi a kan ko ya dace su shigo da na'ura mai ido da kunne cikin ɗakunansu. A zahiri ciniki suke tattaunawa, wato wace na'ura za su saya tsakanin guda biyu da ke shirin fitowa. Amma idan aka tona za a tarar tambayar da ke ƙasa tsohuwa ce ƙwarai da gaske: wane ne ke da ikon bai wa wani izinin ya kalli mutum ko ya saurare shi a cikin gidansa, kuma me mutum yake rasawa idan ya saba da zama a gaban idon da ba ya ƙiftawa? Wannan tambaya ita ce maƙasudin wannan maƙala.

Yadda Abin Ya Faro

Tun farkon fitowar na'urorin wasa na gida, wato waɗanda ake haɗawa da akwatin talabijin, da hannu ake sarrafa su. Mai wasa yakan riƙe wani ɗan abu mai maɓallai, wanda za mu riƙa kira linzami a nan, yana dannawa, abin da ke cikin talabijin yana bin umarninsa. Da zarar ya ajiye linzamin, na'urar ba ta da labarin ko yana cikin ɗakin ko ya fita. Daga baya ne kamfanoni suka shiga neman hanyar da jikin mutum da muryarsa za su maye gurbin maɓalli. A shekarar 2003 kamfanin Sony na Japan ya fito da wata 'yar kyamara mai suna EyeToy da ake haɗawa da PlayStation 2. A 2006 kamfanin Nintendo, shi ma na Japan, ya fito da Wii, wadda linzaminta ke gane motsin hannu, har ta kai tsofaffi da ƙananan yara suna wasa tare, aka kuma sayar da ita fiye da miliyan 100.

A watan Nuwamba na 2010 kamfanin Microsoft na Amurka ya wuce su duka da wata na'ura mai suna Kinect, wadda ake ajiyewa kusa da talabijin a haɗa ta da Xbox 360. Tana da kyamara, da makirufo huɗu, da wani haske da idon ɗan'adam ba ya gani wanda take auna nisan abubuwa da shi. Mutum zai tsaya a gabanta hannunsa ba komai, ya yi tsalle ko ya kai naushi, wanda ke cikin talabijin ya kwaikwaye shi. An sayar da guda miliyan 8 a cikin kwana 60 na farko. Ya kamata mai karatu ya lura cewa a wannan mataki babu wani babban ƙorafi, domin kuwa wanda ya ga dama shi ke saye, kuma in ya gama wasa sai ya zare wayarta ya ajiye.

Rigimar ta taso ne ranar 21 ga Mayu, 2013, lokacin da Microsoft ya nuna sabuwar na'urarsa, Xbox One. Kamfanin ya bayyana cewa kowace na'ura za ta zo da sabuwar Kinect a cikin kwalinta, kuma ba za ta yi aiki ba sai Kinect ɗin tana haɗe. Ita wannan sabuwar tana iya bin motsin mutum shida a lokaci guda, tana gane fuskar mai ita, tana gani a cikin duhu, har an nuna tana iya ƙiyasta bugun zuciyar mutum daga ɗan sauyin launin fatarsa. Bugu da ƙari, ko an kashe na'urar kunnenta yana buɗe, tana jiran a ce "Xbox On", wato umarnin ta kunna kanta. A watan Yuni, a wajen babban bajekolin wasanni da aka yi a Los Angeles, aka sanar da farashinta dala 499. A wannan rana kuma Sony ya sanar da cewa PlayStation 4 dala 399 ce, kyamararta daban za a saya in mutum yana so.

Sai ga shi a cikin wannan wata na Yuni jaridu sun fara buga takardun sirrin da Edward Snowden ya fitar, masu nuna yadda hukumar leƙen asirin Amurka ke tattara bayanan jama'a, kuma sunan Microsoft yana cikin jerin kamfanonin da takardun suka ambata. Kamfanin ya musanta cewa ya buɗe wa gwamnati rumbunsa ta shiga yadda ta ga dama. Duk da haka shakka ta riga ta shiga zukata. Tun kafin wannan ma, kwamishinan kare bayanan jama'a na Jamus a lokacin, Peter Schaar, ya riga ya siffanta na'urar da cewa ta sa ido ce.

Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Adalci ne mu fara da masu goyon baya, domin hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Sun ce magana ita ce hanya mafi sauƙi da ɗan'adam ya sani ta bayyana buƙatarsa, don haka wanda bai taɓa riƙe linzami ba, kamar tsohuwa ko ƙaramin yaro, zai iya cewa a canja tasha ko a ƙara murya ba tare da ya koyi komai ba. Sun ce akwai masu lalura da ba sa iya riƙe linzami, waɗanda murya ko motsin jiki ya buɗe musu ƙofar da take rufe. Sun kawo misalin iyalin da ke nesa da juna, su zauna gaban talabijin su gaisa suna ganin juna. Har sun nuna cewa likitocin tiyata a wasu asibitoci na Toronto da Landan sun gwada Kinect wajen juya hotunan cikin jikin majinyaci da nunin hannu, don kada su taɓa wani abu su ɓata tsabtar hannuwansu. Shi kuma kamfanin cewa ya yi masu ƙirƙirar wasanni ba za su ɓata lokacinsu a kan Kinect ba sai sun tabbata kowane mai saye yana da ita, shi ya sa aka haɗa ta dole.

Masu adawa kuwa kashi biyu ne. Kashi na farko lissafin aljihu da na amfani suke yi. Sun ce me zai sa su biya ƙarin dala 100 a kan abin da ba su nema ba? Sun ce maɓalli ya fi murya sauri da tabbas, domin idan ka danna ka danna, amma idan ka yi magana sai na'ura ta ji wani abu daban, ka yi ta maimaitawa kamar mai kiran kurma. Wanda kuma yake wasa da tsakar dare iyalinsa na barci ba zai so ya riƙa yi wa talabijin tsawa ba. Kashi na biyu su ne suka ce ko da kyauta ce ba sa son kyamara da makirufo su kwana a buɗe a ɗakin da suke zama da iyalinsu. Maganar waɗannan ita ce ta shafe mu.

Bara Mai Jiran Kira

Mu ɗauki misalin maigida da ya ɗauki bara ya ce masa ya tsaya a bakin ƙofa, duk lokacin da aka kira sunansa ya amsa. Abin da hankali zai fara ba mu shi ne, wannan bara ba zai iya gane an kira sunansa ba sai in yana jin duk abin da ake faɗa a ɗakin, yana tacewa. Wato sauraro yana gaba da kira. Haka lamarin yake ga duk na'urar da ake sarrafawa da murya, ko ta wane kamfani ce. Babu wata dabara da za ta sa ta ji kalma biyu da take jira ba tare da sautin sauran kalmomin ya ratsa kunnenta ba. Microsoft ya yi bayani cewa idan na'urar tana kashe, umarni ɗaya tak take saurare, ba ta naɗar hirar mutane kuma ba ta aikawa da ita ko'ina, sa'an nan mai ita yana iya toshe wannan kunne in ya so. Mu ɗauka cewa duk wannan gaskiya ne. Har yanzu da sauran magana.

Baran da yake ɗan'adam yana da fuska, kuma Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Maigida yana iya duban sa ya gane ko ya ji abin da bai kamata ya ji ba. Yana da kunya, yana mantuwa, yana gyangyaɗi, ana iya aiken sa kasuwa idan za a yi maganar sirri, kuma an san gidan ubansa in ya ci amana. Shi kuwa wannan sabon bara, mai saye ba shi da hanyar leƙa cikinsa ya ga abin da yake yi. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, ko da yake a ɗakin mai saye yake zaune, daga wani wuri mai nisa yake karɓar tarbiyyarsa. Kamfani yana iya aiko masa da sabon tsari ta intanet cikin dare, gari ya waye halinsa ya sauya. Ashe ke nan alkawarin da aka yi wa mai saye a yau ya dogara ne ga mutanen da bai sani ba, da waɗanda za su gaje su, da kuma gwamnatin da suke ƙarƙashin dokarta. Wannan cinikin biri a sama ne, sai dai birin a cikin ɗaki yake.

Abubuwa biyu da suka faru daga baya sun nuna inda baran yake da rauni. A watan Yuni na 2014 an riƙa nuna wata tallar Xbox One a talabijin, inda ɗan wasan kwaikwayon nan Aaron Paul yake furta umarnin kunnawa, sai mutane suka riƙa ba da labarin cewa na'urorinsu na gida sun ji shi sun kunna kansu. Abin ya ba da dariya, amma ya nuna baran ba ya bambance muryar ubangidansa da ta mai wucewa. Na biyun ba na dariya ba ne. A watan Agusta na 2019 wata kafar labarai ta Amurka ta ruwaito 'yan kwangila suna cewa an ba su aikin sauraren muryoyin da Xbox ta naɗa don a gyara fahimtar na'urar, cikinsu har da waɗanda aka naɗa bisa kuskure, da yawa kuma muryoyin yara ne. Kamfanin ya ce ya riga ya daina irin wannan bita watanni kafin labarin ya fita. Ba sai an yi wa kowa zaton mugunta ba. Injiniya mai son aikinsa ya yi kyau dole zai so ya ji inda na'urarsa ta yi kuskure, amma sakamakon shi ne wani baƙo a wani ofis ya ji abin da yaro ya faɗa a ɗakin uwarsa.

Izinin Wa Aka Nema?

Za a iya ce mana ai babu wanda aka tilasta. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mutum ya ɗauki kuɗinsa ya saya, aka nuna masa sharuɗɗa ya danna ya yarda. A nan ne muke ganin babban giɓin yake. Kyamarar da ke bin mutum shida ba mai saye kaɗai take kallo ba. Matarsa tana giftawa ba mayafi, ƙanwarsa tana shayar da jariri, abokinsa ya zo da wata damuwa da bai gaya wa kowa ba, yara suna ta surutunsu. Babu ɗaya daga cikinsu da aka nuna wa sharaɗi. Mutum yana da ikon sayar da gonarsa, amma ba shi da ikon haɗawa da ta maƙwabci don kawai suna iyaka. Sirrin ɗaki dukiyar tarayya ce ta duk wanda ke cikinsa, saboda haka yardar mutum ɗaya ba ta isar wa sauran.

Wannan ba sabon tunani ba ne a wurinmu, domin tsarin gidan Bahaushe kansa a kansa aka gina shi. Akwai zaure inda baƙo yake tsayawa, akwai sallama da yake yi kafin a ce ya shigo, akwai kuma iyakar da ko aminin maigida ba ya ƙetarewa. Alƙur'ani mai girma ya yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani a aya ta 27 ta Suratun Nur, ya kuma hana bin diddigin sirrin mutane a aya ta 12 ta Suratul Hujurat. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne aya ta 58 ta Suratun Nur, wadda ta ware lokuta uku, wato kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar isha'i, da ko yaran gida da masu hidima a cikinsa sai sun nemi izini kafin su shiga. Darasin shi ne, ko wanda aka amince da shi, wanda yake shiga yana fita duk yini, akwai sa'ar da ya kamata ya kasance a waje. Na'urar da aka tsara ta yadda ba za ta yi aiki ba sai idonta yana haɗe, an tsara mai hidima ne wanda ba shi da irin wannan sa'a.

Su ma dokokin ƙasar da aka ƙera na'urar sun yarda yaro ba ya ba da izini da kansa. A shekarar 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa Microsoft ya biya dala miliyan 20 a kan tattara bayanan yaran da suka yi rajista a Xbox ba tare da yardar iyayensu ba, ta kuma sa Amazon ya biya dala miliyan 25 a kan ajiye muryoyin yara da na'urarsa ta Alexa ta naɗa.

Rufin Asiri

Akwai wata magana da ake yawan yi a duk lokacin da irin wannan batu ya taso, wai wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoron a gan shi. Muna ganin harshenmu ya riga ya ba da amsa. Idan dattijuwa ta ɗaga hannu ta ce Allah Ya rufa mana asiri, ba sata ta yi ba kuma ba kisa ta yi ba. Tana nufin a bar ta da talaucinta da ciwonta da 'yan matsalolin gidanta, kada su zama abin kallo. Mai shiga banɗaki yana rufe ƙofa alhali kowa ya san abin da ya kai shi. Sutura haƙƙin mutum ce saboda mutuncinsa, kuma ba ta jira sai ya aikata laifi.

A shekarar 1791 masanin falsafar nan na Ingila, Jeremy Bentham, ya wallafa tsarin wani kurkuku mai da'ira da hasumiya a tsakiya, inda gandiroba ɗaya zai iya ganin kowane fursuna, su kuwa ba sa ganinsa. Hikimarsa ita ce ba sai gandiroban ya kasance yana kallo ba; ya isa fursuna ya san ana iya kallonsa, sai ya zama mai gadin kansa. Wannan shi ne ya sa ba mu gamsu da cewa tunda babu wanda yake zaune yana leƙen ɗakunan mutane ta Kinect, to babu asara ba. Asarar tana faruwa ne a cikin zuciyar wanda ke gaban kyamarar, a lokacin da ya haɗiye wata magana ko ya fasa wani motsi don ya tuna akwai ido.

Abin ya fi tsanani a fagen wasa. Me ya sa babban mutum mai iyali yake wasa? Saboda yana neman sa'ar da zai sauke girmansa, ya faɗi, ya sake gwadawa, ya yi ihun murna ko ya yi wauta ba tare da an rubuta masa ba. Kinect ta gayyaci mutane su yi rawa da tsalle a tsakar ɗaki, wato abin da yawancinsu ba za su yi a gaban baƙo ba, sa'an nan ta buƙaci su yi shi a gaban kyamara mai haɗe da intanet. Mu marubuta mun san darajar wannan sa'a fiye da kowa. Wane ne a cikinmu zai iya rubuta shafin farko na littafinsa idan wani yana tsaye a kansa yana karanta kowane layi kafin ya soke shi? Yawancin abin kirkin da ɗan'adam ya iya, a ɓoye ya fara koyonsa yana kuskure.

Abin da Ya Biyo Baya

Masu adawa sun yi galaba a wannan karo. A watan Agusta na 2013, tun kafin na'urar ta shiga kasuwa a Nuwamba, Microsoft ya janye sharaɗin cewa dole sai Kinect tana haɗe. A watan Yuni na 2014 ya fara sayar da Xbox One ba tare da ita ba a kan dala 399, daidai da farashin abokiyar hamayyarta. A watan Oktoba na 2017 ya daina ƙera ta. Sai dai bai kamata mu yi saurin yabon jama'a ba. A ganinmu dalar nan 100 da ƙarancin wasanni masu daɗi sun fi tunanin sirri tasiri wajen wannan sakamako, kuma abin da ya biyo baya shi ne shaidarmu. A ƙarshen 2014 Amazon ya fito da Echo, lasifikar da babban aikinta shi ne ta zauna a ɗaki tana jiran a kira ta, mutane kuma suka yi ta saye da kuɗinsu. A 2013 Apple ya sayi PrimeSense, kamfanin Isra'ila da ya samar da fasahar auna nisa ta Kinect ta farko, a 2017 kuma ya fito da wayar da ake buɗewa da fuska. Linzamin PlayStation 5 da ya fito a 2020 yana ɗauke da makirufo a jikinsa, Switch 2 ta Nintendo ta 2025 ita ma haka, da kyamarar da ake saye daban. An kori bara ta ƙofa, ya rage tsawo ya dawo ta aljihu, kuma a wannan siffa ya iso har garuruwanmu, hannun wanda bai taɓa ganin Kinect ba.

Duk da haka ba za mu ce muhawarar ta tashi a banza ba. A linzamin PlayStation 5 akwai maɓallin toshe makirufo da fitilar da ke nuna an toshe, kyamara kuma ta koma abin zaɓi. Haka nan ba kowane sauraro ne cin amana ba. Sony ya sa tsarin da wanda aka ci wa mutunci a hirar wasa zai iya yanko ɗan guntun murya, wanda bai wuce daƙiƙa 40 ba, daga cikin minti biyar na ƙarshe, ya kai ƙara. Yarinyar da ake zagi tana da haƙƙin a ji kukanta, kuma ba za a ji shi ba sai da shaida. Saboda haka mu ba maƙiyan kyamara ba ne. Abin da muke nema ga kowace irin wannan na'ura shi ne abin da ake nema ga duk mai shigowa gida: ta yi sallama yadda kowa a ɗakin zai san tana nan, a san inda take kai abin da ta ji da tsawon lokacin da ake ajiye shi, kuma idan an ce ta fita ta fita, ba tare da ta tafi da sauran amfanin da aka saye ta dominsa ba.

Kammalawa

Ba za mu rufe ba sai mun juyo da tambayar kanmu, domin marubuci ma kunne ne a cikin ɗaki. Muna zama a majalisa da gidan biki da wurin zaman makoki, ana magana a gabanmu saboda an ɗauke mu 'yan'uwa, bayan wata shida sai maganar ta fito a littafi. Wa ya ba mu izini? Aminiyar da ta ba mu labarin mutuwar aurenta, ta ba mu ne don mu taya ta jimami ko don mu sami babi na bakwai? Sauya suna ba ya wadatarwa idan duk unguwa za ta gane ko wace ce. Muna ba masu tasowa shawara, kafin su ɗauki abin da suka ji su sa a takarda, su tambayi kansu ko za su iya miƙa wa mai labarin littafin hannu da hannu su dubi idonsa. In ba za su iya ba, to su sake dafa labarin har sai ya bar kamannin mai shi, ko kuwa su haƙura da shi. Magana zarar bunu ce, wadda aka buga a littafi kuma ta fi kowace wuyar mayarwa.

Sa'an nan akwai aiki a gabanmu. Littattafanmu cike suke da mai laɓe, ko kishiya a bayan labule ko yaron gida a jikin taga. A yau mai laɓen yana kan tebur, da kuɗin maigida aka sayo shi, kuma shi da kansa yake sa masa caji. Yadda wannan yake sauya hirar miji da mata, da abin da 'ya take iya gaya wa uwarta, fage ne da ya kamata alƙalumanmu su shiga. Samarin Amurka da Turai sun yi tasu muhawarar a 2013 a kan na'urar wasa. Tamu ta fi tasu faɗi, kuma muna fatan shafukan wannan mujalla za su karɓi ra'ayoyin 'yan'uwa a kanta, musamman waɗanda suka saɓa da namu. Allah Ya rufa mana asiri, Ya kuma ba mu ikon rufa na wasu.